Gurbin da Ya Rage a Bakin Tsohuwa

Ku matso kusa. Kai Sabi'u, cire yatsa daga baki, haƙorin nan da kansa zai faɗi. Ku kuka nace sai na ba ku labari, to wanda ya kasa fita fitsari shi kaɗai ba ruwana.

A da an yi wani wanzami a garin nan, sunansa Nomau. Aski yana yi, ƙaho yana yi, amma cire haƙori ne ya yi masa suna. Aibinsa ɗaya. Dattawa sun ce in ka cire wa mutum haƙori, ka miƙa masa abinsa ya je ya binne. Shi Nomau sai ya riƙa tarawa a gwangwani. Ranar kasuwa ya yi ta karkaɗa shi, wai a san gwani ya iso.

Yana da 'ya ɗaya, Tabawa, tana cikin famfara. Wata safiya haƙorinta na gaba ya faɗi. Ta kawo masa a tafin hannu.

"Baba, jefa min kan ɗaki. Hannuna ba ya kaiwa."

Yana sauri, ana jiransa askin suna a ƙauyen gaba. Ya zura haƙorin a aljihu, ya ce sai ya dawo.

Da aka gama suna ya kamo hanya, rana tsaka. Don ya rage tafiya ya ratso ta kufai, can bayan rafi, inda katangu suka zube. Ba iska. Ko kukan kurciya babu. Takunsa kawai yake ji, da ƙarar gwangwani a zabira.

Sai ga wata tsohuwa zaune a gindin katanga. Ga inuwa kusa da ita, amma cikin rana ta zauna. Ba gumi a goshinta. Ta yafuto shi.

"Sannu, Iya," in ji Nomau. "Lafiya?"

Ta motsa baki. Abin da ya fito ba murya ba ce, huci ne, kamar an hura bakin tulu. Da ƙyar ya tsinci kalma ɗaya.

"Gurbi."

Ta buɗe baki. Ya durƙusa ya leƙa.

Ku saurara nan. In tsoho ya zubar da haƙora, ramukan ba sa zama a buɗe. Jini ne ke fara cika ramin, sai nama ya rufe, sai ƙashi ya taso daga ƙasa. Ku tuna bakin kowace tsohuwa, dasashi ne sumul. Nata ba haka ba ne. Kowane rami a buɗe yake, a bushe, kamar muƙamuƙin akuyar da aka jefar a juji. Na gaba rami ɗaɗɗaya. Na turamen ƙasa, kowanne ya rabu biyu a ciki. Na turamen sama ya rabu uku. Ba jini, ba yawu.

Da ni ce, da tuni na zubar da takalmi. Amma hannun wanzami ya riga hankalinsa. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa rami ɗaya. Sanyi ya ji, irin na ƙasan rijiya.

Ta kama wuyan hannunsa. Riƙon ba na tsohuwa ba ne. Da ɗaya hannun ta nuna zabira.

Ya fiddo gwangwani. Ya ɗauko wani turmi mai saiwa biyu, ya kai shi ramin ƙasa ta dama. Ƙwas. Ya zauna kamar a nan aka halicce shi.

"Madalla, Wanzam," in ji tsohuwa.

Muryar Jatau mahauci ce. Haƙorinsa ne kuwa, Nomau da kansa ya cire masa bara.

Ya sa wani. Ta yi tari da muryar matar liman. Ya sa wani. Ta yi dariya da muryar wata Bafillatana mai tallar nono da ta daɗe da barin ƙasar. Haka ya yi ta jerawa, fiƙa a gurbin fiƙa, turmi a gurbin turmi, har gwangwani ya zama wayam. Muryoyin duk a dishe suke, suna hawa kan juna a maƙogwaro ɗaya.

Saura rami ɗaya. A gaba, ta ƙasa.

"Sun ƙare, Iya."

"Waɗannan ruɓaɓɓu ne," ta ce. "Muryar aro ce, ba ta daɗewa. Mai lafiya nake so. In ya zauna, muryar mai shi ta zama tawa."

"Ba ni da wani."

Ta ɗaga hanci ta shinshina. Idonta ya sauka kan aljihunsa.

"Akwai ƙarami. Fari."

Nomau ya tuna Tabawa, yarinyar da tun asuba take surutu har a ce ta yi shiru. Tsoro bai taɓa kama shi irin na lokacin ba.

"Na famfara ne," ya ce. "Ba shi da saiwa. Sabon da ke tasowa ya cinye ta. Ko na sa, ba zai zauna ba."

"Gwada."

"Zai faɗi, Iya. Ya ɓace a ƙasa."

Riƙon ya ƙara tsanani, har ya ji ƙashinsa na amsawa.

"To ba ni mai saiwa."

Ba ta kalli aljihun ba kuma. Bakinsa take kallo.

Nomau ya sa hannu ɗaya a zabira ya ɗauko awartaki. Ya kama nasa na gaba, na ƙasa, lafiyayye. Ya girgiza shi hagu da dama yadda yake yi wa mutane, har zaren da ke riƙe da saiwa a ƙashi ya saki. Ya ja. Jini ya wanke masa haɓa. Ya kai haƙorin ramin nan na ƙarshe. Ƙwas.

Ta sake shi.

"Sauka lafiya," ta ce.

Da muryarsa ta faɗa. Tasa, tas, ba dishewa.

Ya so ya yi salati, huci kawai ya fito. Ya kwasa da gudu bai waiwaya ba. Yana isa gida ya wuce kowa, ya ciro haƙorin Tabawa ya cilla kan ɗaki, sannan ya zube.

Jatau da matar liman sun yi kwanaki murya a dishe, suka warke. Nomau bai sake magana ba har ya koma ga Allah. Ramin bakinsa kuma bai taɓa rufewa ba.

Ba shi ke nan ba, Sabi'u, zauna. Tabawa ta girma, ta soma zuwa itace bayan rafi. Wata rana tsaka ta ji an kira ta daga cikin kufai.

"Tabawa. Zo, 'yata. Kawo min na kan ɗakin."

Muryar babanta ce, wadda ta shekara da shekaru tana kewa. Ta ce har ta buɗe baki za ta amsa. Sai ta tuna ta baro shi a zaure yana wasa aska. Ta toshe bakinta da mayafi, ta taho gida tana kuka.

Gwaggo Tabawa nake nufi, wadda ke kwance a ɗakin can. Daga bakinta na ji. Ta ce har yau muryar na nan, kuma ba ta tsufa ba.

Saboda haka kada in ji ɗayanku ya bi ta kufai shi kaɗai. In kuwa ƙaddara ta kai ku, kuka ji wani naku na kira, ku rufe baki gam. Kada ta ga haƙoranku.