Namiji Da Goyo A Fadama

Durƙushe yake a bayan ɗaki yana cuɗa tsummokaran jaririya a baho, duk motsin da ya ji sai ya waiwaya, kada wani ya leƙo ya gan shi. Allah sarki Safiyanu! Maraya ne da ya tashi a hannun baffansa, Malam Shu'ibu, ya kuma auri marainiya irinsa, Kamila. Tun da ta haifi Radiyya ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya, likita ya ce zuciyarta ce, ya hana ta kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Ranar da Safiyanu ya faɗa wa Gwaggo Safara'u, ƙanwar Baffa, haka, ita da ta zo zaman jego, sai ta saki ludayi.

"Ni za ka koya wa jego? Kai da aka haifa a gabana? To, ga ka ga matarka, ka yi mata da kanka!"

Ta yafa mayafi ta fice, ba ta sake waiwayarsu ba...

Ga shi kuma shinkafar gidan ta fidda kai a fadamar Haɗeja, tsuntsayen jan-baki suna sauka kamar hadari. Gonar nan ita ce abincin gidan gaba ɗaya, kason da Safiyanu ke samu a cikinta kuwa shi ne duk abin da ya dogara da shi. Shi da Haladu, babban ɗan Baffa, aka ɗora wa kora: Safiyanu daga asuba zuwa azahar, Haladu daga nan zuwa faɗuwar rana. Da Safiyanu ya dawo gida sai dahuwa da wanki da rarrashi, Kamila tana kallonsa daga shimfiɗa, hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

"Abban Radiyya, na mayar da kai abin dariya a unguwa..."

"Ki daina, Kamila. Ki warke kawai, shi ke nan roƙona."

Abin da bai sani ba, da ya bar gona Haladu ma sai ya hau babur ɗin da Baffa ya saya don zirga-zirgar fadama, ya shiga gari ɗaukar fasinja. Da ɓarna ta bayyana kuwa, shi ya riga kowa kai ƙara. A ƙofar gida, gaban maƙwabta, ya buɗe murya.

"Baffa, ni kaɗai nake fama! Uwar jegon nan taka tana gida tana wanke kashin jariri. Ku duba hannunsa, har ya yi laushi!"

Aka kwashe da dariya. Safiyanu ya ɓoye hannayensa cikin riga, ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

"Baffa, wallahi kullum ina..."

"Rufe mini baki!" in ji Baffa. "Gaskiya ne kai kake wankin, ko ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"To, ka zauna ka yi ta yi. Na cire hannunka daga gonar, ko tiya ɗaya kada ka sa rai!"

Innalillahi! Kamila da ta jiyo komai daga ɗaki ta yunƙura za ta fito ta ba da haƙuri, sai ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa. Aka kwantar da ita a asibiti da robar iska a hanci, aka miƙa wa Safiyanu 'yarsa da gwangwanin madara, aka ce ya samo mai riƙe ta. Wa zai samo? Ya ɗaga kai sama: "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da kowa..."

Duk da haka zuciyarsa ta kasa barin gonar. Ya san halin barcin Haladu, ya san yaran gidan da tsofaffi da ita za su ci. Don haka kullum da asuba sai ya ɗauki zanen Kamila ya goya Radiyya, ya lulluɓe ta da babbar riga, ya bi ta bayan gari yana sunkuyar da kai.

Wata safiya Malam Shu'ibu ya tako fadama da ƙafa don ya ga yadda ɗansa ke fama shi kaɗai. Tun daga nesa ya jiyo gwangwanayen kora suna kaɗawa, ya yi murmushi. Da ya matso sai ya tsaya cak. Safiyanu ne riƙe da igiya, muryarsa ta dishe, ga ƙananan ƙafafu biyu suna leƙowa ta ƙarƙashin rigarsa! Suna haɗa ido Safiyanu ya durƙusa, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Baffa, ka yi haƙuri, na san ka hana ni..."

"Ina Haladu?"

Malam Shu'ibu ya duba ko'ina bai gan shi ba, ya zauna jira. Rana ta ɗaga sosai kafin babur ya iso, da kwandunan kifin wata fasinja har yanzu ɗaure a bayansa. Haladu ya fara kame-kame, tsohon ya miƙa hannu.

"Makulli. Daga yau da ƙafa za ka zo, tun asuba har magariba, kuma abin da tsuntsu ya ci daga kasonka za a cire. Ka fara biyawa ka gaya wa Safara'u ta tafi asibiti yanzu, in har ni yayanta ne!"

Sannan ya juyo wajen Safiyanu, hawaye suka zubo masa.

"Amanar ɗan'uwana ce kai, na tozarta ka a gaban jama'a. A gabansu zan wanke ka. Ka yafe mini, Safiyanu."

Safiyanu ya fashe da kuka, ya fara laluben kullin zanen zai sauke ta, don nauyin tsayawa gaban baffansa da goyo.

"A'a, bar ta, barci take yi," in ji tsohon, ya karɓi igiyar daga hannunsa. "Je ka duba matarka. Kuma ta tsakiyar gari za ka bi."