Kujera Mai Gajerun Ƙafafu

Auta ta faɗo falo da gudu, mayafinta na jan ƙasa.

"Umma, duka biyun sun ɗauke ni!"

Umma ta ajiye dutsen guga. "Ke dai ba kya girma. Su wa da wa?"

"Kwalejin nan ta nesa, inda sai an gama karatu kafin a tsaya gaban ɗalibai. Da firamaren bayan layinmu. A firamaren, a aji zan koya, da safe in taimaka wa malama, da yamma mu ɗauki darasi. Duk satifiket ɗin mataimakiyar malama ne a ƙarshe."

"Wanne kike so?"

"Na bayan layi mana."

Baba, da ke kishingiɗe, ya kashe rediyo.

"Na sani. Aikin Kafinta ne wannan."

Kafinta shi ne mai neman auren Auta, shagonsa kuma yana kallon ƙofar firamaren.

"So yake ki zauna inda zai riƙa leƙenki ta taga. Wanda zai rage wa 'yata karatu tun bai aure ta ba, ba zan ba shi ita ba. Kika zaɓi bayan layi, maganarsa ta mutu."

Auta ba ta yi musu ba. Ta shige ɗaki, ta yi kukanta a filo. Umma ce ta lallaɓa Baba har ya yarda a kira yaron.

Washegari Kafinta ya zo, garin katako a gashinsa. Ya jingine wani abu naɗe cikin buhu a bakin ƙofa, ya durƙusa. Baba ya yi faɗa son ransa.

"Baba, a gafarce ni," in ji Kafinta, "ni fa kwalejin na ce ta tafi, zan jira. Tun ranar ba ta ɗaga wayata."

Baba ya gyara zama. "Kai ma?"

Nan take suka haɗe kai. Wannan ya yabi laburaren kwaleji, wancan ya yabi malamanta.

"Umma, ji su," Auta ta raɗa daga bayan labule. "Har sun saka ni a mota, ba wanda ya tambaye ni."

Dariyar Umma ce ta tona ta. Baba ya ce ta fito ta faɗi nata.

"Baba, ranar da na je gwaji a firamaren, wata yarinya ta kasa riƙe fensir. Na durƙusa kusa da ita har ta rubuta sunanta. Gwiwoyina sun yi tsami, amma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Littafi na saba karanta shi ni kaɗai. Yara kuwa sai a cikinsu ake koyon su."

Baba ya waiwaya. Idonsa ya kai kan buhun.

"Mene ne wancan?"

Kafinta ya sosa ƙeya. "Na ban haƙuri ne."

Ya kwance buhun. Kujera ce mai faɗin zaman babba, amma ƙafafunta gajeru, daidai teburin yara.

"Ta ce gwiwoyinta na ciwo," in ji Kafinta.

"Kai da kake so ta tafi kwaleji?"

"Har yanzu ina so. Amma na san inda zuciyarta take."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Baba ya jawo kujerar ya zauna, gwiwoyinsa suka kusa taɓa gemunsa.

"Malam, wa zai tashe ka?" in ji Umma.

"Surukina mana." Ya miƙa wa Kafinta hannu. "Ka turo manyanka. Ke kuma, ki je bayan layinki."

Da Auta ta yi wa mahaifinta tsiwa, da ta rasa ɗaya cikin biyun. Haƙuri ya ba ta duka. Mai sonka da gaskiya zai faɗa maka ra'ayinsa, amma in ka zaɓi naka, shi ne zai fara gyara maka wurin zama.