Wasiƙar Da Ta Koma Akwatuna

"Buɗe min ita!" na ce, na dangwara kwamfutar a kan keken ɗinkina. "Yanzu, a gabana!"

Mijina Injiniya ya dube ni, ya dubi mata biyun da ke jiran awo.

"Haba 'yar rigimata, a nan?"

"A nan!"

Shekara shida mijina ya yi yana karatu a Rasha kafin ya san ni. Ni kuwa a aji shida na firamare na tsaya, kuma danginsa ba su taɓa yafe min wannan ba. Da safen nan yayarsa ta zo shago, ta ajiye min hoto: shi da wata mai jan gashi, suna dariya cikin dusar ƙanƙara.

"Wasiƙunsu na nan cikin kwamfutarsa," ta ce. "Ke dai ci gaba da taka keke."

Ya buɗe wasiƙar ƙarshe. Sai ga 'yan akwatuna, da alamun tambaya, da wasu haruffa masu ƙaho kamar tafiyar kaza a kan yashi.

"Ka kulle ta!" na ce. "Don ka san ban yi boko ba!"

"Wallahi ba ni ba ne. A tsohuwar kwamfuta na rubuta, wannan sabuwar ba ta gane haruffan ba. Ran Asabar zan gyara, in karanta miki kaf."

"Mai jan gashin nan, akwai ta ko babu?"



"Akwai ta... a da."

A da!

Na daina yi masa magana. In ya ce "rabin raina", sai in ƙara taka keke. Ran Alhamis zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki. Bai ga Asabar ba.

Wata biyar kwamfutar na ƙasan akwatin yadi. Ina kuka, ina kishi, ina jin kunyar kishin. Wa ke kishi a kan mamaci? Ni.

Ranar da na gaji, na kai ta wurin mai gyara, wata siririyar mata mai tabarau a bakin titinmu.

Ta leƙa, ta ce, "Anti, kin taɓa danna maɓallin ajiyewa a haka?"

"Ban san ma inda yake ba."

"To rashin sanin ya cece ki. Da kin danna, wataƙila da akwatunan sun zauna ke nan."

"Ba kulle ta ya yi ba?"

Ta yi dariya. "Wane kulle? Ke tela ce, ko? In kika sa zare mai kauri a ƙaramar allura, ɗinki ya cukurkuɗe, yadin ya lalace ne?"

"A'a. Allura za a sauya."

"To haka. Rubutun na nan, da tsarin wasu haruffa ake karanta shi."

Ta kwafi wasiƙar gefe, ta sake buɗe ta, ta zaɓi wani abu cikin dogon jeri. Akwatunan suka ɓace. Haruffan Rashanci suka jeru tsaf, layi bayan layi.

Gaskiya ya faɗa min.

"In sa na'ura ta fassara?" ta ce. "Ba a mayar da abin da kunne ya ji fa."

"Karanta."

Ta gyara tabarau.

"Masoyiyata..."

"Tsinanniya!" na ce.

"Anti, ni ko ita?"

"Ci gaba!"

"Masoyiyata, na so ki, ba zan yi ƙarya ba. Amma wannan ce ta ƙarshe. Na kai wando wurin wata tela, ta yanke shi bai kai idon sawu ba. Da na yi magana, ta ce ƙafata ce ta cika tsawo. Na koma sau huɗu don ta ƙara yi min faɗa. 'Yan gidanmu sun ƙi ta. Zan aure ta. Kada ki ƙara rubuto min, tana da kishi, kuma ina son in cancanci kishin."

Mai gyara ta cire tabarau, ta share da bakin mayafi.

Wandon nan toka-toka! Shekara tara yana sa shi, abokan aiki na masa tsiya wai ya gaji na ƙaninsa. Sau nawa na ce ya kawo in ƙara masa tsawo, ya hana.

Na sa ta buga min takardar da Rashancinta. Na kai wa yayarsa.

"Ga wasiƙar," na ce. "Ku da kuka yi boko, ku karanta."

Ta jujjuya ta, ba ta iya ko harafi ɗaya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, har yau ina kishin mai jan gashi. Ita ya ce wa "masoyiyata" a rubuce, kuma ya yi mata bankwana. Ni kwana uku na hana shi muryata.

Takardar na cikin aljihun wandon. Jiya na ɗauko shi, na zare allura, na kai hannu bakin ƙafar.

Sai na mayar da shi yadda yake.