Tayin da Musaddiƙ Ya Yi a Jojiya

Rana ta yi ja, Musaddiƙ malamin tarihi ya ɗaure goro da dabino a babur, ya kama hanyar Roni daga Kazaure. Gobe sunan ɗansa na fari.

Satinsa uku da dawowa daga jihar Jojiya ta Amurka. Can wata tsohuwa mai rubuta tarihin garinsu ta kai shi maƙabartar bayi a bakin teku. Ta nuna masa wani kabari, ta ce ana jin mai shi daga ƙasar su Musaddiƙ aka kamo shi. Tausayi ya kama bawan Allah. Ya yi sallama, ya yi addu'a, sannan ya ce da Hausa, "Baba, taso mu je gida." Irin tayin nan namu na fatar baki, wanda ba mai amsawa.

Ashe an amsa.

Yana shiga tsakanin duwatsu babur ya nutsa ta baya. Warin ruwan gishiri da ruɓaɓɓiyar laka ya cika masa hanci, a wurin da ko rafi babu. Wasu hannaye masu sanyi suka riƙe masa kwiɓi.

"Yaro, nan ne?"

Tsohuwar Hausa ce, irin ta kakanni. Bai yi ihu ba. Ya ci gaba da tuƙi kawai.

Suka wuce wani ƙauye. "Nan ne?"

Fitilun Roni suka bayyana. Can matarsa Ikilima take, da jariri a cinya. In ya isa ƙofa, da baƙon zai shiga.

Ya taka birki a wani kufai.

"Nan ne, Baba. Sauka."

Nauyin ya sauka. Ya ji taku cikin karmami, da sassarfar numfashi ana shinshina ƙasa. Ya juya babur ya nufi Kazaure don kada a bi shi gida, ya ba shi wuta, bai waiwaya ba.

Daf da Kazaure babur ya sake nutsawa.

"Ba nan ba ne. To kai ni naka."

An yi suna ba shi. Ya kama ɗaki a Kazaure, 'yan uwa suna cewa Amurka ta lalata shi, shi kuwa ko a jikinsa. Jiya Ikilima ta kira, ta ce yaron ya fara tafiya, ta tambaye shi yaushe zai zo gida.

Musaddiƙ ya rufe wayar da tafin hannu, kada na bayansa ya ji.