Ramuka Shida a Bangon Baba

Gidan su Auta a gindin tudu yake. Duk damina sai ƙasa ta zaftaro ta cika musu bayan ɗaki. Shi ya sa Baba, wanda magini ne, ya yi wata uku yana gina bangon dutse don ya tare ta. Amma can ƙasan bangon ya bar ramuka shida, kowanne da guntun bututu a ciki.

Auta sarkin tsafta! Ramukan nan suka tsone mata ido, ga ƙadangaru suna ta shige da fice.

"Baba mantawa ya yi," in ji ta a ranta.

Ba ta tambayi kowa ba. Ta cusa tsumma, ta kwaɓa ragowar siminti, ta toshe su tsaf.

Aka kwana huɗu ana tsuga ruwa. Ran na biyar da hantsi sai suka ji rugum! Tsakiyar bangon ta faɗi. Laka ta binne lambun Mama, ko ganye ɗaya bai tsira ba.

Baba ya zauna a kan dutse, ya yi tagumi.

"Shekara ashirin ina gini," in ji shi, "ga bangon gidana ya kasa tsayawa. Wa zai ƙara ba ni aiki? Na ajiye cokalin gini."

"Haba, kar ka ce haka," in ji Mama.

Yini biyu Baba ba ya ci, ba ya fita. Auta kuwa baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Rana ta uku ta durƙusa gabansa tana kuka.

"Baba, ni ce na toshe ramukan. Na zaci mantuwa ka yi."

Baba ya ɗago kai. "Kin toshe su?"

"Duka shidan."

Ya yi dogon numfashi. "Auta, ai ƙofar ruwa ce. In ruwa ya rasa hanyar fita, sai ƙasa ta yi nauyi ta ture bango. Ashe ba hannuna ne ya mutu ba!"

Ya miƙe ya ɗauko cokalinsa. Sati biyar Auta tana miƙa masa duwatsu, har tafinta ya yi kanta. Ita ce ma ta jera bututun da hannunta.

Da aka sake ruwa, ta ga yana tsiyaya ta ramukan, bango kuwa ko gezau.

"Baba, suna aiki!" ta yi ihu.

Tun daga ranar, duk abin da Auta ba ta san amfaninsa ba, sai ta tambaya kafin ta taɓa.