Garin Ƙarfen Nwabueze

Da la'asar sakaliya Malam Maje ya rufe shagonsa da ke Fagge, ya tari adaidaita zuwa Sabon Gari, wai zai sayo takardar zane. Abin da ya gaya wa matarsa Ummakulsum ke nan. Takarda kuwa tana nan jibge a shago. Nwabueze yake son gani, kuma ba don zumunci ba.

Shekara goma sha tara Maje yana zanen fuskokin mutane da fensir da gawayi. In shugabar makaranta za ta yi ritaya, shi ake nema. In Alhaji ya rasu 'ya'yansa na son hotonsa a falo, shi ake nema. Kwatsam sai ga wannan Nwabueze, tsohon malamin fiziks, haifaffen Sabon Gari, ya buɗe ɗan shago a bayan kasuwa. Ko fensir ba ya riƙewa. Garin ƙarfe yake barbaɗawa a kan farar takarda, ya riƙa jan maganaɗisu ta ƙarƙashin allo, garin yana bi yana jeruwa har fuska ta fito. Sai ya fesa gam ya rufe da gilashi. Mutane suka fara cewa hoton Maje kama ce kawai, na Nwabueze kuwa har abin da ke zuciyar mutum yake nunawa.

Maganar nan ta tsaya wa Maje a rai. A makon nan kuma iyalan Alhaji Muhammad Nur, waɗanda shi ya zana kakansu da babansu, suka kai aikin hoton mahaifiyarsu Sabon Gari. Ta ƙofar shagonsa suka wuce, har da ɗaga masa hannu.

Nwabueze ya tarbe shi da fara'a, ya goge masa benci. "Malam Maje da kansa? Yau na yi babban baƙo. Zo ka duba mini aikin nan, kai ne ogan."

Hoton Hajiyar ne. Maje ya duba, ya nemi aibi har idonsa ya gaji, bai samu ba. Tsohuwar tana murmushi, amma a ƙarƙashin idonta akwai gajiyar macen da ta binne miji da ɗa. Shi ma ya san da gajiyar nan, ya sha ganinta, bai taɓa iya kama ta a takarda ba. Baƙin ciki ya turnuƙe shi, ya ce, "Ba laifi."

"Abin ba wuya," in ji Nwabueze. "Ƙarfin maganaɗisu ba a ganinsa, sai garin nan ya jeru sannan ka ga inda yake ja. Haka nake kallon mutum. Akwai abin da ke ja a ƙirjinsa, fuskar kuma bi take yi."

Yana magana yana share garin da ɗan buroshi, yana mayarwa cikin kwalba, yana duban sama. Rana ta yi ja. Ya ɗaure bakin kwalbar da tsumma.

"Tun yanzu?" Maje ya tambaya.

Nwabueze ya rage murya. "Daga ƙofofin shagunan da suka taɓa ƙonewa nake gogo shi. Ƙarfen ya ji kukan mutane. Da rana nawa ne. In magariba ta yi, na masu shi ne. Kuma ba a hura masa iska da baki, ko da rana."

Maje ya yi dariya a ransa. Malamin kimiyya da camfi. Ya tabbata mutumin yana faɗin haka ne don kada wani ya koyi sana'ar. Nkechi mai shagon kusa ta kira Nwabueze ya kama mata ƙofa, ya fita. Kafin ya dawo Maje ya kwance tsumman, ya juye kusan rabin kwalbar a gwangwanin fensirinsa, ya yi sallama daga nesa.

Ana kiran sallar magariba ya iso Fagge. 'Yan yadi suna ta jan ƙofofi suna nufar masallaci. Ya ce a ransa minti biyar kawai, zai sami jam'i. Ya shiga shago, ya jawo ƙofar ƙarfen ya tura sakata, don kada wani ya gan shi yana kwaikwayon Nwabueze. Babu wuta. Ya kunna fitilar waya ya jingina ta da bango, ya ɓalle maganaɗisun tsohuwar rediyonsa, ya shimfiɗa takarda a kan allo, ya barbaɗa garin.

Hajiyar yake son zanawa, ya yi wanda ya fi na Nwabueze, ya kai wa 'ya'yanta da kansa. Goshi ya fito. Hanci ya fara fitowa. Sai garin ya dunƙule a kumatu ya ɓata wurin.

Shekara goma sha tara, duk lokacin da ƙurar gawayi ta taru masa a takarda, abu ɗaya yake yi. Bai ma yi tunani ba. Ya sunkuya ya hura.

Garin bai watse ba.

Ya tattaru wuri ɗaya, kamar takardar ce ta shaƙi numfashin. Wani wari ya tashi, na ƙarfen da wuta ta ci aka zuba masa ruwa. A waje liman ya tayar da salla. A cikin shagon kuma wani sauti ya fara, siririn sauti, irin na yashi a kan kwano.

Maje ya ajiye maganaɗisun can gefe. Garin ya ci gaba da tafiya.

Goshin Hajiya ya rushe, wani ya maye gurbinsa. Ga tabon da ke girar hagu. Ga gemun da Ummakulsum ke ce masa ya rage. Fuskarsa ce. Amma bakin a murɗe yake, idanun sun ƙanƙance suna kallon gefe, irin kallon da ya yi wa hoton Hajiya ɗazu. Bai taɓa sanin haka yake ba.

Idanun suka juyo kansa.

"Kai ka kira," wata murya ta ce can ƙasa, daga cikin takardar. "Ƙara hurawa."

Ya ja da baya. Makullan da ke rataye a ƙusa suka miƙe tsaye suna nuna shi. Almakashi ya ja jiki a kan tebur. Ƙananan ƙusoshin firam suka zubo daga ledarsu, suna gangarowa wajen ƙafarsa.

"Wancan ƙarfen na rediyo ba shi da ƙarfi," muryar ta ce. "Na ƙirjinka ya fi ja."

Ya kama sakata. Ta ƙi motsi. Ƙofar ta manne da jikinsa, tana jan sa.

Garin ya bar takardar. Ya hau yatsun hannunsa na dama, layi layi, da sanyi. Ya wuce wuyan hannu. Ya wuce gwiwar hannu.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, ya ji ɗanɗanon tsatsa a harshensa.

Fitilar wayar ta mutu.

Garin ya iso kafaɗa, ya karkata wajen ƙirji.

Sai aka doki ƙofar daga waje. Guduma ce. Aka sake doka, aka sake. "Malam Maje!" Muryar Nwabueze ce, yana haki. "Na ga kwalbar ta ragu. Ka hura?"

"Na hura."

"Dukan guduma yana kashe maganaɗisun ƙofar, amma naka ba zan iya kashe maka ba. Abin da ke jan sa, faɗe shi. Fito da shi waje."

"Babu komai."

Garin ya matse shi. Numfashinsa ya tsaya rabi.

"Faɗa, Malam."

"Ka fi ni," Maje ya ce da ƙyar. Sauran kuma ya ɓalle da kansa, da ƙarfi. "Ka fi ni, kuma na tsane ka a kan haka. Kullum ina fatan hannunka ya shanye. Har a salla ina tuna ka."

Garin ya zube ƙasa gaba ɗaya. Makullan suka koma suna lilo. Sakata ta zame, ƙofar ta buɗe, Maje ya faɗo waje a kan gwiwoyinsa.

An idar da salla. Maƙwabtansa 'yan yadi suna tsaye da carbi a hannu, kuma babu wanda bai ji ba. Cikinsu har da babban ɗan Alhaji Muhammad Nur. Nwabueze ya ajiye gudumarsa. Ya shiga da buroshi da fitila, ya share garinsa tsaf, ya ɗaure da tsumma, ya hau adaidaita.

Maje ya yi mako biyu a kwance. Da ya tashi ya ɗauki fensir ya zana Ummakulsum, don gwaji. Kamannin sun fito sosai, sai dai bakin a murɗe, idanun suna kallon gefe. Ya yaga, ya zana wani maƙwabci, haka. Ya zana jaririn ƙanwarsa, haka. Daga nan ya kulle fensiran a akwati.

Yanzu firam yake haɗawa, kuma yawancin aikin Nwabueze ne ke aiko masa, ba tare da ya taɓa tayar da zancen ba. Ummakulsum ta daina ajiye allura kusa da inda yake zama, don sai ta tsince ta manne a rigarsa, daidai ƙirji. Hoton Hajiya ma shi ya yi wa firam. Gam ya bushe, gilashi ya rufe, amma da ya sunkuya zai buga ƙusar ƙarshe, garin da ke idanun tsohuwar ya ɗan karkato wajensa. Maje ya kifa hoton a kan tebur, ya ƙarasa aikin ta baya.