Tsinken Tsiren Kawu

A wani gari can, an yi wata yarinya mai kunya, tana da ɗan kare ana ce masa Gajere. Ko gaisuwa za ta yi, sai an ce mata, "Ɗaga murya mana."

Ranar Babbar Sallah gidansu ya cika da baƙi, ana ta gasa tsire a tsakar gida. Wani yaro ya ja wutsiyar Gajere. Yarinyar ta buɗe baki, ta rufe. Wata baƙuwa ta taka masa ƙafa. Ta buɗe baki, ta rufe.

Sai Kawu, yayan Innar yarinyar, wanda ba a yi masa musu, ya ɗauki tsire har da tsinkensa. Ya ce, "Gajere, zo kai ma ka yi Sallah." Ya wurga masa.

Shi kuwa Gajere ba ya tsayawa tauna, haɗiya kawai yake yi. Tsinken nan zai soke masa maƙogwaro.

Yarinyar ta buɗe baki, wannan karon ba ta rufe ba. Ta damƙe wuyan Gajere, ta ce, "Kawu, don Allah, tsinken zai kashe shi."

Inna ta harare ta.

Kawu ya sunkuya ya ɗauki tsiren, ya taɓa bakin tsinken da yatsa, ya ji tsininsa. Ya ce, "Ashe 'yar nan tana da murya." Da hannunsa ya zare naman ya ba Gajere, ya jefa tsinken a wuta.

Yarinyar ta zauna. Gajere ya kwanta kusa da ita, yana lashe baki, yana kaɗa wutsiya.